Yadda Za Ka Yi wa Wayarka ta Android Zaure

A bara wata 'yar'uwarmu mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi a Gana ta karɓi bashin 'yan sidi kaɗan daga wata manhaja da ta sauke a wayarta, kuma da ta yi jinkirin biya na 'yan kwanaki, sai saƙonni suka fara zuwa wa duk wanda lambarsa ke cikin wayar, har da surukarta da limamin unguwarsu a Aboabo, ɗauke da hotonta da kalaman da ba zan iya maimaitawa ba. Da yamma ta zo gidana tana kuka, tana cewa, "Yaya, wallahi ban ba kowa wayata ba." Gaskiya ta faɗa, domin babu wanda ya yi mata kutse. Ita da kanta ta danna amincewa a ranar da manhajar ta nemi izinin ganin lambobin mutane da hotuna da saƙonni, kamar yadda mafi yawanmu muke dannawa ba tare da mun karanta ba. Ba ita kaɗai abin ya shafa ba: a shekarar 2023 Babban Bankin Gana ya fitar da jerin manhajojin bashi 97 da ba su da lasisi, kuma a wannan shekarar Google ya hana manhajojin bashi da ke kantinsa taɓa lambobin mutane da hotunansu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, lambobin da ke cikin wayar mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Amanar jama'a ce a hannunsa. Gidajen kakanninmu suna da zaure, inda baƙo yake tsayawa ya yi sallama, a saurare shi, a biya masa buƙatarsa, ba tare da ya ga tsakar gida ba. Wayoyinmu kuwa sun zo babu zaure, kowace manhaja tana shiga har ƙuryar ɗaka. Wannan jagora ta yadda za a gina zauren ce, tun daga wayar da ke aljihunka yanzu har zuwa sauya mata tsarin aiki gaba ɗaya, wato babbar manhajar da ke tafiyar da wayar, ga wanda yake da hali.

Ka fara sanin iyakar abin da za ka iya ɓoyewa

Tun daga watan Oktoba na 2021 aka fara haɗa layukan waya da katin ɗan ƙasa na Ghana Card, saboda haka kamfanin layinka ya san sunanka, ya san wanda ka kira, kuma ta turakun sadarwarsa ya san yankin da kake. Haka ma duk kuɗin da ka tura ta MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya, yana rubuce. Babu wata waya ko manhaja da za ta sauya wannan, kuma duk wanda ya ce maka zai sayar maka da wayar da ba a iya gano ta, to kuɗinka yake so. Kariyarka a wannan fanni ta doka ce, wato Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, da hukumar da aka kafa a ƙarƙashinta.

Waɗanda za ka iya rufe wa ƙofa su ne kamfanonin talla masu tattara labarin inda ka je da abin da ka duba, da manhajojin da ke kwashe lambobi da hotuna, da 'yan damfara, da ɓarawon da ya fizge waya a tasha, da duk wanda wayar ta kwana a hannunsa. Waɗannan su ne suke cutar da mutanenmu a kullum, kuma mafi yawan maganinsu kyauta ne.

Gyaran wayar da ke hannunka

Ka shiga Settings, ka nemi About phone, ka duba ranar da aka rubuta a ƙarƙashin Android security update. Wannan ita ce ranar da aka yi wa wayar facin tsaro na ƙarshe. Idan ta haura shekara guda kuma babu sabon faci da ke jira, to kamfanin ya daina kula da wayar, kuma duk ramin da aka gano bayan wannan rana yana nan a buɗe. Irin wannan waya tana iya ci gaba da kira da kallon bidiyo, amma ban yarda a bar manhajar banki a cikinta ba. Ga mai shirin sayen sabuwa, tambayar shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin faci ta fi tambayar girman kamara muhimmanci, ko da yake ba ita ce masu shago suka saba ji ba.

Daga nan sai ka buɗe Permission manager, wanda galibi yana ƙarƙashin Privacy. A nan ne aikin gaske yake, kuma ya kamata ka ba shi rabin awa a zaune. Za ka ga jerin izini: lambobin mutane, saƙonni, wuri, makirufo, kamara, hotuna. Ka shiga kowanne ka yi wa kowace manhaja tambaya ɗaya, wato ko aikin da take yi maka yana buƙatar wannan abin. Tocila ba ta da hulɗa da lambobin mutane, wasan yara ba ya buƙatar makirufo, manhajar gyaran hoto ba ta buƙatar sanin inda kake. Ka fi tsanantawa a kan izinin SMS, domin duk manhajar da ke karanta saƙonninka tana ganin sauran kuɗin da ke cikin MoMo ɗinka, da sunayen waɗanda ka tura wa kuɗi, da lambobin tabbatarwa da banki ke aiko maka. A ganina, ban da manhajar saƙo ita kanta, babu wadda ta cancanci wannan izini. Game da wuri kuma, tun daga Android 12 ana iya ba manhaja kimanin yankin da kake maimakon ainihin ƙofar gidanka, ta hanyar kashe Use precise location, kuma wannan ya wadatar da manhajar hasashen yanayi ko ta lokutan salla.

Akwai wasu ƙofofin baya guda uku da mutane ba su cika dubawa ba, su ne Accessibility, da Device admin apps, da Notification access. An yi na farkon ne domin taimaka wa makafi da masu lalura, amma manhajar da ta samu wannan izini tana iya karanta duk abin da ke kan fuskar waya har ma ta danna maɓallai da kanta. Idan ka ga sunan da ba ka sani ba a ɗaya daga cikin waɗannan wurare, ka kashe masa izinin sannan ka cire shi.

Sai lambar talla. Kowace wayar da ke da hidimomin Google tana ɗauke da wata lamba ta musamman wadda kamfanonin talla ke amfani da ita wajen haɗa abin da ka yi a wannan manhaja da abin da ka yi a waccan, har su gina cikakken labarinka. A ƙarƙashin Ads, cikin saitin Google ko na Privacy, akwai Delete advertising ID. Ka danna shi. Bayan haka, a sashen Network, ka nemi Private DNS, wanda ya zo tun Android 9, ka rubuta dns.quad9.net idan abin da kake so shi ne toshe shafukan damfara, ko dns.adguard-dns.com idan kana so a rage maka tallace-tallace, abin da ke rage cin data ma.

Manhajojin da suka zo tare da waya su ma sai an dube su. A shekarar 2020 masu binciken tsaro sun ba da rahoton cewa dubban wayoyi ƙirar Tecno W2 da aka sayar a ƙasashen Afirka, har da Gana, sun iso hannun masu saye da muguwar manhajar Triada a cikinsu, kamfanin kuma ya ce matsalar ta fito ne daga wani mai samar masa da kaya. Darasin ba na kamfani ɗaya ba ne. Duk manhajar da ta zo da waya wadda ba ka amfani da ita, ka cire ta, idan ta ƙi fita ka danna Disable.

Makullin waya kuma ya zama lamba shida ko fiye, ba shekarar haihuwa ba, ba kuma zanen da yaran gida suka riga suka haddace ba. Ka saita sanarwa ta daina nuna abin da saƙo ya ƙunsa yayin da waya take kulle, kuma ka sa wa layinka lambar sirri ta SIM lock, domin ɓarawo yakan cire layi ya sa a wata wayar ya karɓi saƙonninka. Ka kula, kuskure sau uku yana kulle layin sai da lambar PUK ta buɗe shi, wadda kamfanin layi ke bayarwa, saboda haka kada ka yi ta cankar lambar.

Buɗaɗɗun manhajoji da inda ake samunsu

Kowace manhaja rubutu ce da wani ya yi, wanda ke gaya wa waya abin da za ta aikata. Mafi yawan kamfanoni suna ɓoye wannan rubutu. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka baje rubutunta a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. Kamar bambancin mai tuwon da ke girki a gabanka ne da wadda ke miƙo maka kwano ta taga. Ba lalle ba ne kai ka iya karanta rubutun, amma sanin cewa akwai idanun da ke kai yana hana a zuba abin da bai kamata ba. Wannan ba ya nufin kowace buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da aibi, musamman wadda mai ita ya yi shekaru bai taɓa ba, don haka kafin ka sauke ka duba ranar sabuntawarta ta ƙarshe.

Babban kantinsu shi ne F-Droid, wanda ya fara aiki a 2010. Ba ya cikin Play Store, sai ka buɗe f-droid.org a burauzarka, ka sauke shi daga can kawai. Waya za ta nemi ka ba burauzar izinin girka manhaja daga waje. Ka ba ta, ka girka, sannan ka koma ka janye izinin nan take, domin barin wannan ƙofa a buɗe shi ne hanyar da mugayen manhajoji ke bi. F-Droid ba ya neman ka yi rajista, mafi yawan manhajojinsa shi yake haɗa su daga rubutunsu na asali, kuma idan wata tana da hali marar kyau, kamar talla ko dogaro da wani rufaffen kamfani, yana rubutawa a shafinta. Rauninsa shi ne sabuntawa takan makara da 'yan kwanaki.

Wadda nake fara ba kowa shawara a kanta a Zango ita ce manhajar lokutan salla. A watan Nuwamba na 2020 wani binciken 'yan jarida a Amurka ya nuna cewa bayanan wurin masu amfani da Muslim Pro suna zuwa hannun wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja bayanai, suka kuma yanke hulɗa da dillalin. Abin lura shi ne, lissafin lokacin salla ba ya buƙatar intanet ko kaɗan, domin lissafin tafiyar rana ne, kuma da zarar waya ta san kana Kumasi ta samu duk abin da take buƙata. Al-Azan, wadda ke F-Droid, haka take aiki, babu talla kuma babu tura bayani. Bayan ka girka ta, ka gwada lokutanta da na masallacin unguwarku, ka daidaita 'yan mintunan da suka bambanta.

Ta biyu ita ce ta tura fayil tsakanin wayoyi, abin da muke yi kullum da wa'azi da hotunan biki da bidiyon suna. LocalSend tana yin wannan aiki tsakanin Android da iPhone da kwamfuta, matuƙar suna kan wifi ɗaya ko ɗaya ya buɗe wa ɗaya hotspot, ba ta cin data kuma ba ta nuna talla. Ga taswira akwai Organic Maps da OsmAnd, waɗanda ake sauke taswirar Gana gaba ɗaya sau ɗaya a ci gaba da amfani da ita ba tare da data ba, abin da direban da ke bin hanyar Techiman zuwa Tamale zai yaba. Sun dogara ne da OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai ke zanawa, shi ya sa manyan tituna suna nan daidai amma wasu lungunan Asawase da Sawaba ba su cika ba, kuma duk wanda ya ga giɓi yana iya cikewa da kansa. VLC tana buɗe kusan kowane irin bidiyo da sauti. NewPipe tana nuna bidiyon YouTube ba tare da asusun Google ba, sai dai takan tsaya lokaci zuwa lokaci har a fitar da gyara.

Labarin Fossify ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi bayyana amfanin buɗaɗɗen rubutu. Akwai wasu sanannun ƙananan manhajoji da ake kira Simple Mobile Tools, na hotuna da kalanda da lambobi. A ƙarshen 2023 mai su ya sayar da su ga wani kamfani da ke samun kuɗi ta talla. Da rufaffu ne, da masu amfani da su ba su da yadda za su yi. Da yake rubutun a fili yake, sai wasu suka ɗauke shi suka ci gaba da aikin da sabon suna, kuma yau ana samun manhajojin Fossify na hotuna da saƙo da kira da kalanda ba tare da talla ba.

Kibod ma abin dubawa ne, tun da duk abin da ka rubuta ta kansa yake bi, har da kalmomin sirri. HeliBoard ba shi da izinin shiga intanet kwata-kwata, kuma yana barin mutum ya tsara jerin haruffansa, abin da zai amfani mai son ƙ da ɗ da ɓ su kasance kusa da yatsa. Ga kalmomin sirri akwai KeePassDX, mai ajiye su cikin kullallen fayil a wayarka, ko Bitwarden ga mai son su bi shi daga waya zuwa kwamfuta. Aegis kuma tana samar da lambobin tabbatarwa na mataki biyu ba tare da an jira SMS ba. Idan kana shakkar wata manhaja da ke Play Store, wata ƙungiyar sa-kai ta Faransa mai suna Exodus Privacy tana da shafin da za ka rubuta sunan manhajar, ya lissafa maka 'yan rahoton da aka dasa a cikinta, wato ɓoyayyun abubuwan da ke kai wa kamfanoni labarinka.

Ba zan ce wa kowa ya bar WhatsApp ba, domin a can dangi suke, a can cinikin yake. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, da fasahar da aka aro daga manhajar saƙo ta Signal, amma kamfanin Meta yana ganin wanda kake magana da shi da lokacin da kuka yi. Ka kunna Two-step verification, ka kunna kullallen ajiya a ƙarƙashin Chat backup, kada kuma ka karanta wa kowa lamba shida da aka aiko maka ko da ya kira da sunan malaminku ko ƙungiyarku. GBWhatsApp da ire-irensa na jabun WhatsApp kuwa a guje su, domin ba a san wanda ya haɗa su ba kuma ba a ga rubutunsu ba. Maganar da ta shafi gado ko rashin lafiya ko kuɗi mai yawa, a mayar da ita Signal, wadda buɗaɗɗiya ce, wata gidauniya mai zaman kanta ke riƙe da ita, kuma tun 2024 ana iya ba mutum sunan laƙabi maimakon lambar waya. Ana sauke ta daga Play Store ko daga signal.org.

Sauya tsarin aiki gaba ɗaya

Duk abin da ya gabata yana rage ɓarna, amma hidimomin Google suna nan a ƙarƙashin waya da iko fiye da na kowace manhaja. Mai son ya wuce nan sai ya sauya tsarin aikin, kuma wanda na fi amincewa da shi shi ne GrapheneOS, wanda tushensa ya faro a 2014, ya ɗauki wannan suna a 2019. Android ne, amma an cire masa Google an kuma ƙara masa ƙarfin tsaro. Ana girka shi ne a kan wayoyin Pixel. Mutane sukan yi mamakin a ce wayar Google ce mafita daga Google, amma dalilin a fili yake: Pixel tana barin a sa mata wani tsarin sannan a sake kulle butloda, wato ƙofar da waya ke bi wajen tashi, tana da guntun tsaro na musamman mai hana cankar lambar sirri da sauri, kuma ana yi mata faci na shekaru masu yawa.

Pixel ɗin da za ka samu a shagunan Adum, wajen PZ, galibi na hannu ne da aka shigo da su daga waje, waɗanda 'yan kasuwa ke kira hom yus, kuma a nan ne mutane suke yin asara. Ka zaɓi Pixel 8 ko 8a ko wadda ta biyo bayansu, domin daga Pixel 8 aka fara alkawarin faci na shekara 7, wanda zai kai ta Oktoban 2030, 8a kuma Mayun 2031. Pixel 7a za ta kai Mayun 2028. Pixel 6 kuwa wa'adinta Oktoban 2026 ne, saboda haka arahar da za a yi maka a kanta ba riba ba ce. Kafin ka ƙirga kuɗi, ka ce wa mai shago, "Maigida, bari in gwada abu ɗaya." Ka haɗa wayar da intanet, ka shiga About phone, ka danna Build number sau bakwai, ka koma System, ka buɗe Developer options, ka nemi OEM unlocking. Idan maɓallin ya kunnu, wayar ta yi. Idan ya dushe ya ƙi motsi, ka ajiye ta komai kyanta, domin wayoyin da kamfanin Verizon na Amurka ya sayar ba a taɓa buɗe butlodansu, kuma babu mai gyaran da zai iya. Ka kuma danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali idan akwai, ka sa layinka ka yi kira.

Ranar girkawa kana buƙatar kwamfuta mai burauzar Chrome ko Edge ko Brave, domin Firefox ba ya wannan aiki, da kebul mai kyau na USB, da data da ta haura gigabait ɗaya da rata mai yawa. Ka yi cajin waya da kwamfuta su cika, don kada ɗaukewar wuta ta same ka a tsakiyar aiki. Ka kwashe duk abin da kake so daga wayar tun da farko, domin komai zai goge. Bayan ka kunna OEM unlocking, sai ka kashe wayar, ka kunna ta kana riƙe da maɓallin rage sauti har ta nuna shafin Fastboot, sannan ka haɗa ta da kwamfutar ka buɗe shafin girkawa da ke grapheneos.org. Shafin yana da maɓallai huɗu a jere: na buɗe butloda, na sauke tsarin, na zuba shi a waya, na sake kulle butloda. A na farko da na ƙarshe wayar za ta nemi amincewarka, sai ka zaɓa da maɓallin sauti ka tabbatar da maɓallin kunnawa. Idan kwamfutar Windows ce kuma ba ta ga wayar ba, galibi direban Fastboot ne ya rage, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane wayar, kuma ana samunsa ta Windows Update. Yayin zubawa wayar za ta mutu ta tashi sau da yawa, kada ka taɓa kebul ɗin. Mataki na huɗu shi ne wanda masu gaggawa suke tsallakewa, alhali idan ba a kulle butloda ba duk wanda ya riƙe wayar yana iya sauya mata tsari ba tare da ka sani ba. Bayan an gama, duk lokacin da ta tashi za ta nuna gargaɗi mai launin rawaya cewa tana ɗauke da wani tsarin daban. Haka ya kamata ta yi, ba lalacewa ba ce.

A nan ne za ka ga zauren da idonka. Akwai Contact Scopes, wanda ke barin ka zaɓi lambobin da manhaja za ta gani, ita kuma ta ɗauka su ke nan duka. Da 'yar'uwarmu tana da wannan, da masu bashin ba su ga lambar kowa ba. Akwai Storage Scopes mai yin haka ga hotuna da fayiloli. Akwai izinin Network, wanda idan ka kashe wa manhaja shi, ba za ta iya tura komai waje ba ko da ta tattara. Idan kana buƙatar Play Store, kana iya girka shi daga kantin GrapheneOS, sai dai zai zauna ne a matsayin baƙo kamar kowace manhaja, ba a matsayin mai gida ba. Ni abin da na yi shi ne na buɗe sashen mai amfani na biyu, wato wani ɓangare daban a cikin wayar mai nasa manhajojin, na zuba Play Store da manhajar banki da ta kiran mota a can, na bar na farkon da buɗaɗɗun manhajoji kawai. Wayar kuma tana sake tashi da kanta idan ta yi awa 18 ba a buɗe ta ba, abin da ke mayar da bayanan cikinta cikin kulle mafi ƙarfi idan ta faɗa hannun ɓarawo. Akwai ma lambar tilas, wadda idan aka shigar da ita take goge wayar gaba ɗaya ba dawowa, amma mai yara ƙanana a gida ya yi tunani sosai kafin ya saita ta.

MoMo ta *170# tana aiki yadda ta saba, domin ta hanyar layi take bi, ba ta Google ba. Manhajojin banki ne ba su da tabbas: da yawa suna aiki idan an girka Play Store, wasu kuma suna ƙin duk wayar da ba ta ɗauke da tsarin kamfani. Saboda haka kada ka sayar da tsohuwar wayarka sai ka yi mako biyu kana gwada duk abin da sana'arka ta dogara da shi.

Wanda ba shi da Pixel yana iya duba LineageOS, magajin CyanogenMod tun ƙarshen 2016, wanda ke tallafa wa wayoyi da dama na Motorola da Xiaomi da OnePlus da Samsung, ko kuma /e/OS. Suna raya tsohuwar waya suna kuma rage hannun Google, sai dai a mafi yawan wayoyi butloda yana zama a buɗe, don haka ba su kai GrapheneOS tsaro ba idan waya ta ɓata. Idan ƙirar wayarka ba ta cikin jerin da ke shafinsu, kada ka yarda wani ya zuba maka tsarin da ya samo daga wani zauren Telegram. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: ka zauna da tsarin kamfani ka yi gyare-gyaren da na bayyana a sama.

Ranar da waya za ta je wurin mai gyara

Mafi yawan masu gyaranmu mutanen kirki ne, amma waya takan kwana a shago, kuma yaran shago suna da yawa. Kafin ka miƙa ta, ka cire layi da katin ajiya ka sa a aljihu. Wayoyin Samsung na 'yan shekarun nan suna da Maintenance mode, Pixel masu tsarin Google kuma suna da Repair mode, dukansu suna ɓoye hotunanka da saƙonninka su bar mai gyara ya gwada kamara da lasifika. A GrapheneOS sai ka buɗe masa sashen baƙo wanda babu komai a ciki. Canjin gilashi ko batir ko bakin caji ba ya buƙatar lambar sirrinka, kuma idan ya ce sai ya gwada, ka ce masa cikin ladabi za ka buɗe da hannunka ya gwada a gabanka. Idan kuma abin ya riga ya faru, ana yi maka barazana da hotunanka ko ana aika wa danginka saƙo kamar yadda aka yi wa 'yar'uwarmu, kada ka goge saƙonnin. Ka ɗauki hotonsu tare da lambobin da suka aiko su, ka janye duk izinin manhajar kafin ka cire ta, sannan ka kira Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa a lamba 292 ka kai rahoto.